Yadda aikin inzayim ke tona asirin ciwon daji a ƙarin adirenal

A saman kowace ƙoda ta ɗan Adam akwai wata 'yar halitta da likitoci ke kira adirenal, wadda nauyinta bai fi giram 4 zuwa 6 ba, amma ita ce ke samar da sinadaran da ke daidaita gishiri da sukari da ƙarfin jini da bugun zuciya. Kashi biyu ce a haɗe: akwai ɓawo a waje, wanda ke sarrafa kotisol da aldosteron da sinadaran maza da ake kira androjin, sannan akwai ɓargo a ciki, wanda ke fitar da adiranalin da noradiranalin. Kafin na'urar hoton CT ta yawaita a asibitoci, ba a cika gano ƙari a wannan wuri ba sai ya yi girma ko ya rikita lafiyar mai shi. Yanzu lamarin ya sauya, domin cikin manya 100 da aka ɗauki hoton cikinsu saboda wata larura daban, kamar tsakuwar ƙoda ko ciwon baya, akan iske kusan 4 ko 5 da ƙari a adirenal, kuma adadin na ƙaruwa yayin da shekaru ke ja. Mafi yawan irin wannan ƙari adinoma ne, wato tsiron da ke zaune wuri ɗaya ba ya bazuwa. Ciwon dajin ɓawon adirenal kuwa, wanda ake kira kasinoma, bai wuce ya kama mutum 1 zuwa 2 cikin miliyan ɗaya a shekara ba. Aikin da ke gaban likita ke nan shi ne ya tsamo 'yan tsirarun da ke kisa daga cikin dubban da ba su da illa, kuma ya yi hakan tun kafin wuƙa ta taɓa jikin majinyaci.

Kuskure ta kowace fuska yana da tsada. Idan aka ɗauki adinoma a matsayin daji, an jefa mutum cikin fargaba da kashe kuɗi da fiɗar da ba ya bukata. Idan kuma aka ɗauki kasinoma a matsayin adinoma, ko dai a sallami majinyaci ya tafi gida har ciwon ya kai huhu da hanta, ko kuma a shiga cire shi ta ƙananan huji ba tare da taka-tsantsan ɗin da ciwon daji ke bukata ba, jakar da ke lulluɓe da ƙarin ta fashe, ƙwayoyinsa su watsu cikin ciki. Abin da kawai ke warkar da wannan ciwo shi ne a cire shi ɗungurungum a fiɗar farko, ba a bar ko ɗan gutsure ba. Waɗanda aka cire musu tun ƙarin bai ƙetare adirenal ba, fiye da rabinsu na raye bayan shekara 5, amma da zarar ya bazu zuwa wasu sassan jiki, waɗanda ke kai wannan wa'adi ba su kai 1 cikin 5 ba. Maganin da aka fi dogara da shi, mitoten, tun wajajen 1960 ake amfani da shi, kuma yana wahalar da mai shansa ƙwarai.

Hanyoyin tantancewa da ake da su kowace na da iyakarta. Girman ƙari na ba da haske, domin wanda ya haura santimita 4 ya fi zama abin zargi, sai dai akwai adinoma masu girma da yawa. Hoton CT na auna yawan kitsen da ke cikin tsiron da ma'aunin Hounsfield, kuma idan awon bai wuce 10 ba, ƙarin na cike da kitse, alamar adinoma ce. Matsalar ita ce kusan kashi ɗaya cikin uku na adinoma ba su da kitse sosai, don haka a hoto sukan yi kama da daji. Bayan fiɗa, masanin binciken tsoka na duba ƙarin a madubin likita bisa sharuɗɗa 9 da Lawrence Weiss ya tsara a 1984, inda samun 3 ko fiye ke nuna daji, sannan yana ƙirga ƙwayoyin da ke rabuwa da alamar Ki-67. Wannan hukunci ne mai ƙarfi, amma yana zuwa ne bayan an riga an zaɓi irin fiɗar da za a yi. Mai karatu zai iya tambayar me ya hana a soka allura a gutsuro tsoka kamar yadda ake yi a ƙarin mama. Amsar ita ce ɗan guntun da allura ke ɗaukowa ba ya isa a bambance adinoma da kasinoma, hanyar allurar na iya yaɗa ƙwayoyin daji, kuma idan aka yi rashin sa'a ƙarin na ɓargo ne, sukar na iya sa ya kwararo adiranalin cikin jini, hawan jini ya yi tashin da zai halaka mutum a kan gadon gwaji.

A wannan giɓi ne tunanin auna aikin inzayim ya shigo. Inzayim furotin ne da ƙwayar halitta ke ƙerawa domin ya juya wani sinadari ya koma wani cikin hanzari, kuma kusan duk abin da jiki ke yi, daga narkar da abinci zuwa kwafar DNA, da irin waɗannan furotin ake yin sa. Ƙwayar da ta rikiɗe ta zama ta daji ba kamanninta kaɗai ke sauyawa ba, ayyukanta ma na sauyawa: wasu inzayim da suka daɗe a kashe suna farkawa, wasu kuma da ya kamata su yi aiki suna yin rauni ko su mutu. Masana sun bi duka hanyoyin biyu a ƙarin adirenal, kuma abin da ya fito daga shekaru kusan 30 na bincike, a ganina, shi ne inzayim da suka gaza sun fi waɗanda suka farka amfani ga majinyaci, saboda gazawarsu na barin sawu a fitsari da jini, inda za a iya karanta shi ba tare da an taɓa ƙarin ba.

Wanda aka fara ɗora wa buri shi ne telomeras. A ƙarshen kowane kuromosom, wato ƙunshin DNA da ke cikin ƙwaya, akwai jerin DNA mai maimaita kansa da ake kira telomiya, wanda ke raguwa duk lokacin da ƙwaya ta rabu biyu, har ya kai matakin da ƙwayar za ta daina rabuwa. Leonard Hayflick ya nuna tun 1961 cewa ƙwayoyin jikin mutum da aka rena a ɗakin gwaji suna tsayawa bayan rabuwa kusan sau 50. Carol Greider da Elizabeth Blackburn sun gano inzayim ɗin da ke mayar wa telomiya tsawonsa a ƙarshen 1984 a Jami'ar Kaliforniya da ke Berkeley, aikin da ya kai su ga lambar Nobel ta 2009 tare da Jack Szostak. A yawancin ƙwayoyin jikin baligi wannan inzayim a kashe yake, amma ciwon daji, da yake yana bukatar rabuwa ba iyaka, yakan kunna shi. A 1994 aka fito da wani gwaji mai suna TRAP da ke iya gano aikin telomeras a ɗan ƙanƙanin nama, kuma rahoton farko ya same shi a ƙari 90 cikin 101 na ciwon daji iri-iri, bai same shi ko a ɗaya daga cikin lafiyayyun tsoka 50 da aka gwada ba. Ba abin mamaki ba ne da masu nazarin adirenal suka yi caa a kansa, ganin cewa nasu ƙarin na cikin waɗanda madubin likita ke shan wahalar yanke wa hukunci.

Daga 1998 rahotanni suka fara fitowa daga Japan da Amurka da Turai, kuma da yawansu sun nuna cewa aikin telomeras ya fi yawa da ƙarfi a kasinoma da ƙarin ɓargo mai bazuwa fiye da a tsiro mara illa. Sai dai hoton bai fita tas ba. An sami adinoma da suka nuna aikin inzayim ɗin, an kuma sami daji tabbatacce da bai nuna komai ba, ga shi kuma ciwon ba shi da yawa, don haka kowane bincike da 'yan tsirarun majinyata aka yi shi. Dalilan wannan cakuɗuwa sanannu ne. Fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta, idan suka motsa, su ma suna kunna telomeras, kuma sukan kutsa cikin ƙari ko da ba na daji ba ne, sai gwajin ya ɗora laifinsu a kan tsiron. Gwajin na bukatar ɗanyen nama ko wanda aka daskarar nan take, domin ruwan fomalin da ake adana tsoka a ciki yana kashe aikin inzayim. Sannan wasu ƙwayoyin daji na da wata dabara ta daban ta tsawaita telomiya ba tare da telomeras ba, wadda ake kira ALT, kuma masu bincike a Jami'ar Michigan sun nuna a 2008 cewa wani ɓangare na kasinomar adirenal da ita yake amfani. Duk da haka ba waɗannan ne suka fi hana gwajin shiga asibiti ba. Babban cikas shi ne sai an sami naman ƙarin a hannu kafin a auna, ga shi kuma an riga an ga dalilin da ya sa ba a son sukar adirenal da allura. Gwajin da ba ya magana sai bayan fiɗa ya rasa rabin amfaninsa. Wannan bai sa ilimin ya tafi a banza ba, domin nazarin ƙwayoyin gado na kasinoma 91 da shirin TCGA na Amurka ya wallafa a 2016 ya tabbatar cewa sauye-sauye a TERT, ƙwayar gadon da ke ƙera telomeras, na cikin abubuwan da ke tafiyar da ciwon, kuma a ƙarin ɓargo ana alaƙanta kunnuwar TERT da lalacewar ƙwayar gadon ATRX da haɗarin bazuwa. Matsayin telomeras a yau na mai hasashen yadda ciwo zai kasance ne bayan an cire shi.

Hanya ta biyu ta samo asali ne daga sana'ar ɓawon adirenal kansa. Kotisol ba a mataki ɗaya ake yin sa ba. Ana farawa da kolestarol, inzayim CYP11A1 ya yanke shi ya zama firegnenolon, daga nan CYP17A1 da HSD3B2 da CYP21A2 su karɓa ɗaya bayan ɗaya har a kai ga wani sinadari mai suna 11-diyoksikotisol, sannan CYP11B1 ya yi aikin ƙarshe ya mayar da shi kotisol. Abin ya yi kama da yadda hatsi ke bi ta sussuka da surfe da niƙa da tankaɗe kafin ya zama garin tuwo: idan mai niƙa ta yi rauni, surfaffen hatsi ne zai taru a tsakar gida, kuma duk wanda ya ga tarin ya san a inda aikin ya tsaya. Ƙwayoyin adinoma, ko da sun yi yawa, sun balaga, suna riƙe da cikakken jerin inzayim ɗinsu, saboda haka abin da suke fitarwa kammalallen sinadari ne. Ƙwayoyin kasinoma kuwa sun koma baya zuwa halin rashin balaga. Hironobu Sasano da abokan aikinsa a Jami'ar Tohoku ta Japan sun nuna a farkon shekarun 1990 cewa a cikin kasinoma inzayim ɗin a warwatse suke, wannan ƙwaya na da na farko ba ta da na ƙarshe, waccan na da na tsakiya kaɗai, ta yadda aikin ke tsayawa a rabin hanya. Sakamakon shi ne sinadaran da ba a gama sarrafawa ba su cika jini, hanta ta sauya su, ƙoda ta zubar da su cikin fitsari. Mafi muhimmanci a cikinsu shi ne THS, wanda ke fitowa daga 11-diyoksikotisol idan CYP11B1 ya gaza kammala aikinsa.

Likitoci sun daɗe da ganin inuwar wannan al'amari a jikin majinyata kafin a iya auna shi daki-daki. Adinoma, idan mai fitar da sinadari ne, galibi abu ɗaya yake fitarwa, ko kotisol ko aldosteron. Ƙarin da ya haɗa kotisol da androjin a lokaci guda, ta yadda mace za ta yi ƙiba a fuska da ciki, hawan jini da sukari su taso mata, sannan cikin 'yan watanni gemu ya fito mata, muryarta ta yi kauri, al'adarta ta ɗauke, wannan abin zargi ne matuƙa. Haka kuma namijin da ƙarin adirenal ya sa nono ya fito masa saboda inzayim aromatas ya juya androjin zuwa sinadarin mata, kusan kullum daji ne ke tare da shi. Akwai kuma DHEAS, wani nau'in androjin, wanda yakan yi ƙasa a adinoma mai fitar da kotisol, amma ya yi sama a kasinoma da yawa. Abin da gwaje-gwajen asibiti na yau da kullum suka kasa kamawa shi ne kasinomar da ake ce wa mai shiru, wadda ba ta nuna wata alama a jiki. Yawancin irin wannan ba shiru take yi ba, tana aiki tuƙuru, sai dai abin da take fitarwa ragowar rabin hanya ne da ba su da ƙarfin sauya jiki, kuma ba su ake nema ba a gwajin da aka saba.

Wiebke Arlt da tawagarta a Jami'ar Birmingham ta Ingila ne suka mayar da wannan fahimta gwaji. A 2011 sun wallafa nazarin fitsarin awa 24 na mutum 102 masu adinoma da 45 masu kasinoma, inda suka auna sinadarai 32 a lokaci guda da na'urar da ke rarrabe sinadarai bisa nauyinsu, sannan suka haɗa kai da masana kwamfuta na Jami'ar Groningen ta ƙasar Holan domin na'ura ta koyi bambance tsarin da kowane rukuni ke nunawa. Gwajin ya gane kusan kashi 90 cikin 100 na masu daji, ya kuma wanke kusan kashi 90 na waɗanda ba su da shi, kuma THS ne ya fi kowane sinadari rarrabewa. Abin lura a nan shi ne ba inzayim ɗin kansa aka auna ba. An karanta ƙarfinsa ko rauninsa ne daga yawan abin da ya taru a gabansa idan aka kwatanta da abin da ya wuce ta hannunsa.

Sakamako mai kyau a majinyatan da aka riga aka san ciwonsu ba hujja ba ce cewa gwaji zai yi aiki a ɗakin ganin likita, inda ba wanda ya san amsar tukuna kuma daji ba shi da yawa. Yawancin alamomin da aka yi ta yayatawa a fagen ciwon daji a wannan mataki suke faɗuwa, telomeras kuwa bai taɓa ma samun irin wannan jarrabawa ba. Gwajin fitsarin ya same ta. Binciken EURINE-ACT, wanda Irina Bancos da Arlt da ƙungiyar ENSAT ta masu nazarin ƙarin adirenal a Turai suka wallafa a 2020, ya bi mutum 2,017 da aka gano musu sabon ƙari a cibiyoyi 14 na ƙasashe 11, kuma 98 daga cikinsu, wato kusan kashi 5 cikin 100, aka tabbatar suna da kasinoma. An haɗa ma'auni uku: girman da ya haura santimita 4, awon Hounsfield da ya haura 20 ko ƙari mai cakuɗaɗɗen ciki, da kuma tsarin sinadarai 15 a fitsari. Cikin waɗanda duka ukun suka nuna haɗari, kashi 76.4 cikin 100 sun kasance masu kasinoma da gaske, sannan cikin waɗanda haɗin gwajin ya wanke, kashi 99.7 ba su da ita. Lamba ta biyun ce ta fi muhimmanci a wurina, domin ita ce ke kuɓutar da ɗimbin mutane daga fiɗar da ba dole ba da maimaita hoto shekara da shekaru. Ta farkon kuma tana tunatar da cewa mutum 1 cikin 4 da gwajin ya zarga ba shi da kasinoma, saboda haka awon inzayim abokin hoto ne, bai maye gurbinsa ba.

Akwai yanayin da zai iya ruɗar da mai karanta wannan gwaji. Mutumin da aka haifa da raunin CYP21A2 ko CYP11B1, cutar gado da ke sa adirenal kumbura, shi ma yana tara sinadaran rabin hanya, kuma yakan yi ƙari mara illa. Magunguna irin su metirafon da ketokonazol suna danne waɗannan inzayim da kansu, sai fitsarin mai shansu ya yi kama da na mai daji. Sannan gwajin kasinomar ɓawo kaɗai yake gani. Ciwon dajin huhu ko na mama ko na ƙoda da ya bazu ya sauka a adirenal ba ya sarrafa kotisol, don haka ba zai bar wannan sawu ba. Binciken kuma a kan manya aka yi shi. Ƙarin adirenal na yara, wanda ya fi yawa a kudancin Brazil saboda wani sauyi na gado mai suna R337H a ƙwayar gadon TP53, yana da ɗabi'a ta daban, domin kusan dukkansu suna kwararo androjin, masu illa da marasa illa, kuma ko sharuɗɗan Weiss ba sa hasashen makomarsu daidai.

A ɓargon adirenal matsalar ta fi tsanani. Ƙarin da ke tasowa a nan, fiyokuromosaitoma, da ɗan'uwansa faragangiliyoma da ke fitowa a waje da adirenal, babu wani siffa a madubin likita da ke tabbatar da cewa zai bazu ko ba zai bazu ba. Hujja ɗaya tak ita ce a gan shi a inda irin ƙwayoyinsa ba sa zama, kamar ƙashi ko kaluluwa, kuma hakan na iya faruwa shekara 10 ko 20 bayan fiɗa. Wannan ne ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya a rabe-raben da ta fitar a 2017 ta daina kiran wani daga cikinsu mara illa, ta ce dukkansu na iya bazuwa, bambancin a girman haɗari yake. Kusan 1 cikin 10 na waɗanda ke cikin adirenal ne ke bazuwa, kuma adadin ya fi haka a waɗanda ke waje.

Nan ma jerin inzayim ne ke ba da labari. Dofamin na komawa noradiranalin ta hannun DBH, noradiranalin kuma na komawa adiranalin ta hannun PNMT, wanda ba ya aiki sosai sai da kotisol ɗin da ke gangarowa daga ɓawo, kamar yadda Richard Wurtman da Julius Axelrod suka nuna a tsakiyar shekarun 1960. Ƙarin da ƙwayoyinsa suka balaga yana kai aikin har ƙarshe ya fitar da adiranalin, kuma irinsa bai cika bazuwa ba. Wanda ya rasa PNMT yana tsayawa a noradiranalin. Wanda ya fi komawa baya, har DBH ya yi masa rauni, dofamin ne ke taruwa a cikinsa, wani inzayim mai suna COMT ya juya shi zuwa metoksitayiramin, wanda ake iya aunawa a jini. Graeme Eisenhofer da abokan aikinsa sun nuna a 2012, cikin majinyata 365 da 105 daga cikinsu ciwonsu ya bazu, cewa metoksitayiramin ya ninka kusan sau biyar a masu bazuwar idan aka kwatanta da sauran. Awon na da sharaɗi: a ɗebi jinin da safe kafin a ci abinci, majinyaci na kwance ya huta, domin abinci irin su ayaba da kuma maganin lebodofa na iya ɗaga shi.

Mafi ƙarfin alama a wannan ɓangare ita ce mutuwar SDH, inzayim mai sassa huɗu da ke cikin mitokondiriya, inda yake juya sakisinet zuwa fumaret a tsarin da ƙwaya ke samar da makamashi. A 2000 Bora Baysal da tawagarsa a Pittsburgh suka gano cewa lalacewar sashen SDHD na haddasa faragangiliyoma na gado, a 2001 aka gano na SDHB a Birmingham, sannan a 2003 Anne-Paule Gimenez-Roqueplo da abokan aikinta a Paris suka nuna cewa masu lalacewar SDHB ne suka fi fuskantar bazuwa. Idan SDH ya tsaya, sakisinet na taruwa fiye da kima, ya toshe wasu inzayim da ke sa a rushe HIF, furotin ɗin da ke sanar da ƙwaya ƙarancin oksijin, sai ƙwayar ta riƙa aiki tamkar iskar oksijin ta yanke mata alhali tana nan, ta yi ta kiran sababbin jijiyoyin jini. Sakisinet ɗin kuma yana hana goge wasu alamomi daga kan DNA, abin da ke rufe ƙwayoyin gado da dama, ciki har da na PNMT, kuma wannan ne ya haɗa labarin biyu wuri guda: ƙarin da ya rasa SDHB shi ne kuma wanda ba ya yin adiranalin, yake tara noradiranalin da dofamin. Tun 2009, bayan aikin masu bincike a Rotterdam, ana iya rina tsokar ƙarin a ga ko furotin SDHB ya ɓace, ana kuma iya auna yawan sakisinet a kan fumaret kai tsaye. Sai dai ɓacewar rinin na nuna lalacewar kowane sashe ne cikin huɗun, kuma masu SDHD ba su kai masu SDHB haɗari ba, don haka dole a bi da gwajin ƙwayoyin gado. Amfanin hakan ya wuce majinyaci shi kaɗai, tunda kusan kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na waɗannan ƙari na gado ne, kuma kowane ɗa na mai ɗauke da sauyin yana da rabin yiwuwar gadonsa. Wanda aka samu da lalacewar SDHB ba a sallamarsa bayan shekara 10 na bibiya, har ƙarshen rayuwa ake duba shi.

Ko hoton PET da ake yi da sukari mai alama, FDG, a haƙiƙa aikin inzayim yake nunawa, domin heksokinas ne ke kama sukarin ya kulle shi cikin ƙwayoyin da ke cin makamashi da yawa. Yana taimakawa wajen wanke ƙarin da bai ɗauki sukarin ba, amma wasu adinoma da ƙarin ɓargo marasa bazuwa su ma suna haskawa. Metomidet kuwa, wani sinadarin da ake ɗaukar irin wannan hoto da shi, wanda ke manne wa CYP11B, yana faɗin cewa tsiron daga ɓawon adirenal ya fito, ba ya faɗin ko daji ne.

Cibiyoyin da aka gwada awon fitsarin akasarinsu a Turai suke, kuma na'urar da ke yin sa tana da tsada, tana bukatar ƙwararru da wutar lantarki mai ɗorewa, abin da ya sa ko a ƙasashe masu arziki bai zama gwajin kowane asibiti ba. A ƙasashe irin Najeriya da Nijar akwai ƙarin abin lura, domin tarin fuka na iya kama adirenal ya kumbura ta, musamman idan kumburin ta ɓangarori biyu ne, kuma wannan ba ruwansa da lissafin adinoma da kasinoma. Amma tushen tunanin ba ya jiran babbar na'ura. Ƙa'idojin da Ƙungiyar Likitocin Homon ta Turai da ENSAT suka fitar a 2016, suka sabunta a 2023, sun ce duk wanda hotonsa ko alamun jikinsa suka sa ake zargin kasinoma, a auna masa DHEAS da androstindayon da 17-haidiroksifurojesteron da 11-diyoksikotisol a jini, tare da testosteron ga mata da estiradayol ga maza da matan da suka daina al'ada, kuma da yawa daga cikin waɗannan ana yin su a manyan ɗakunan gwaji da hanyoyin da aka saba. Haka nan duk ƙarin da hotonsa bai nuna adinoma ƙarara ba, a auna metanefrin, sinadarin da adiranalin ke komawa, mai nuna ƙarin ɓargo, a jini ko fitsari kafin a kusance shi da allura ko wuƙa. Fitsarin awa 24 kuwa ana iya auna yawansa, a ɗebi kaɗan a daskarar, a aika shi cibiyar da ke da na'urar, ta yadda ɗakin gwaji ɗaya zai iya ɗaukar nauyin asibitocin koyarwa da dama, muddin an fara tantance ma'aunin lafiyayyun mutanen yankin da za a riƙa kwatanta sakamakon majinyata da shi.